Jirgin Hawa-da-Gangara: Abin da Bidiyon Ranar 'Yan Jarida Ba Ya Nuna Maka

Ga bayanin da muka yi a filin amsa tambayoyinku, mun rubuta shi saboda wanda shirin ya wuce shi yana bakin rijiya ko yana layin duwan, wato kwastan kamar yadda 'yan uwanmu na Najeriya ke cewa.

Wani bidiyo ne ya yi ta yawo a wayoyi: wani abu mai kama da ƙaramin jirgin ƙasa, cike da mutane, ya hau saman dutse, ya sulluɓo ƙasa da gudun tsiya, mutanen ciki suna ta ihu, da suka sauka kuma sai dariya da tafi. Wani makiyayi daga yankin Dakoro ya aiko da saƙon murya yana tambaya, wai me ya hana abin nan tsalle daga kan layinsa? Wata Hajiya mai kai kaya tsakanin Illela da Birnin Konni kuma ta ce ita tambayarta daban ce: ta ga waɗanda suka hau 'yan jarida ne, kowa yana cewa lafiya lau, shin a yarda da su? Duka tambayoyin biyu suna da amsa, kuma amsar za ta yi maka amfani ko da ba ka taɓa niyyar taka Saudiyya don wasa ba, domin ƙananan 'yan uwan wannan abu suna zuwa garuruwanmu lokacin Sallah, 'ya'yanmu ne kuma ke hawa.

Mene ne shi, kuma ina yake?

Masu jin Turancin Ingila suna ce masa rola-kosta. Waɗanda suka yi lakkol a Nijar sun san shi da sunan Faransanci mai ma'anar tsaunukan Rasha. Mu dai a nan za mu kira shi jirgin hawa-da-gangara, don aikinsa ke nan. Ba ya kai ka ko'ina. Inda ka hau nan za ka sauka, an dai biya kuɗi ne don a ji tsoro na ɗan lokaci.

Wanda ake ta magana a kai yanzu sunansa Falcons Flight, wato tashin shaho. Yana wani sabon filin wasa mai suna Six Flags Qiddiya City, kimanin kilomita 40 daga Riyad, a gindin tsaunin Tuwaik, kuma an buɗe shi ga jama'a ranar 31 ga Disamba 2025. Kamfanin Intamin ne ya ƙera shi. Tsawon layinsa ya haura kilomita 4, gudunsa yana kaiwa kilomita 250 a awa. In kana son ka gane wannan gudu, kusan mita 70 ke nan a cikin daƙiƙa guda, ninki uku na gudun tirela mai kaya a kan kwalta mai kyau, har da ɗoriya. Saboda wannan gudun ne aka sa wa kujerun gilashin tare iska a gaba. Wanda ya riƙe kambin gudu kafin shi, Formula Rossa na Abu Dabi da aka buɗe a 2010 mai kilomita 240 a awa, sai an ba ka tabarau ka sa kafin ka hau, don kada yashi ko ƙwaro ya huda maka ido.

Sunan tsaunukan Rasha ba a banza ya zo ba. Tun ƙarni na 17 mutanen Rasha suke gina tudun katako su lulluɓe shi da ƙanƙara, su zauna a kan wani abu su zamo ƙasa. Daga nan Faransawa suka ɗauka, suka sa wa abin ƙafafu, a 1817 aka buɗe irinsa a Paris. A Amurka kuwa, wani layin dogo na gangaro da kwal daga kan dutse a jihar Pennsylvania ne mutane suka fara biyan kuɗi suna hawa don nishaɗi. A 1884 wani mutum mai suna LaMarcus Thompson ya gina na wasa zalla a Coney Island da ke New York, gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba, wato jaki mai ƙoshi zai iya jerawa da shi. Daga 10 zuwa 250, ka ga an yi tafiya.

Jirgin da ba shi da inji

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne, taragon da mutane ke zaune a ciki ba shi da inji, ba shi da direba, ba shi da sitiyari. Ka taɓa tura kurar ruwa ko amalanke ka hau da ita kan tudu? Duk wahalar da ka sha wajen hawa, ba ta ɓace ba, tana ajiye a jikin amalanken. Kana sakin ta a gangara za ta biya ka da gudu. To haka wannan jirgi yake. A irin na gargajiya, sarƙa ce ke jan shi a hankali har ƙololuwar tudun farko, sannan a sake shi, nauyinsa ya yi sauran aikin. Shi ya sa a irin waɗannan, tudun farko ya fi duk na bayansa tsawo, domin iska da gugar ƙafafu suna cin ƙarfin kaɗan-kaɗan a hanya.

Akwai lissafi a nan da ya kamata kowane direba da yaron mota su riƙe. Abin da ya faɗo daga tsawon mita 20 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 70 a awa. In kana son ninka gudun sau biyu, sai ka ninka tsawon sau huɗu, wato mita 80. Juya lissafin ka gani: motar da ta ninka gudunta sau biyu, ƙarfin da birki zai kashe ya ninku sau huɗu. Shi ya sa gingimari mai kaya in ta ƙwace a gangara, ba a cika ba da labari mai daɗi ba.

Sababbin jirage irin na Kiddiya ba sarƙa suke amfani da ita ba. An jera maganaɗisu masu aiki da lantarki a jikin layin, suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, suna fizgar taragon gaba ba tare da wani abu ya taɓa shi ba. Gangarar dutsen kaɗai ba za ta ba shi kilomita 250 ba, sai an ƙara masa da wannan turi.

Me ya hana shi barin layi?

Yanzu ga amsar ɗan uwanmu na Dakoro. Ɗauki sandarka ka riƙe. Ka ga yatsunka sun zagaye ta ta sama da gefe, babban yatsa kuma ya tare ta ƙasa? Haka ƙafafun taragon suka riƙe layin. Kashi uku ne: na sama masu ɗaukar nauyi, na gefe masu hana shi zamewa a kwana, da na ƙasa masu hana shi tashi sama. Waɗannan na ƙasan wani Ba'amurke mai suna John Miller ne ya yi rajistar ƙirƙirarsu a 1919, kuma su ne suka ba da damar yin gangara mai tsanani. Jirgin ƙasan da ka sani zaune kawai yake a kan dogo. Wannan kuwa ƙulle yake da layinsa.

Wannan ƙarar "kas-kas-kas" da ake ji lokacin da sarƙa ke jan jirgi sama, ita ma aiki take yi. Wani harshen ƙarfe ne a ƙasan taragon yake bi ta kan haƙora. In sarƙa ta tsinke, harshen zai maƙale a haƙori, jirgin ba zai koma baya ba. Ka ɗauka yaron mota ne yake bin gingimari a hayi da waigi a hannu, sai dai shi wannan ba ya gajiya, ba ya kallon waya.

To mutanen fa, in jirgin ya kife da su, me ya hana su zubowa? Abu biyu. Na farko, majajjawa. Yaron da ke korar tsuntsaye a gona, in yana kaɗa majajjawa, dutsen ba ya faɗowa ko da ya zo saman kansa, domin juyin yana danne shi a cikin fatar. Haka gudun jirgin ke danne mutum a kujera lokacin da ya zagaya sama. Na biyu, sandar ƙarfe da ke sauka a kan cinya ko kafaɗa ta kulle, wadda mai hawa ba ya iya buɗewa da kansa, kuma a jirage na zamani na'ura ba ta barin jirgi ya tashi sai ta ga kowace kujera ta kullu.

In ka lura da kyau, zoben da jirgin ke zagayawa ba da'ira ce sosai ba, ya fi kama da ƙwai a tsaye, faɗi a ƙasa, matsatsi a sama. Na farko-farko da aka yi zagayayyu sun riƙa ji wa mutane ciwo a wuya. Wani injiniya Bajamushe, Werner Stengel, shi ya tsara wannan sabon fasali, aka fara amfani da shi a California a 1976.

Duk da haka jiki yana shan aiki. A ƙasan gangara, nauyinka yana iya ninkuwa sau huɗu na 'yan daƙiƙu. Mutum mai kilo 70 zai ji kamar kilo 280 ne, kamar an aza masa buhun masara biyu. Jini yana gangarawa ƙafafu, wani ma har idonsa ya yi duhu na ɗan lokaci. Shi ya sa ake rubutawa a ƙofa cewa mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mace mai ciki, mai ciwon baya ko wuya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, kada su hau. Ana kuma auna tsawon yara, domin sandar ba za ta riƙe ƙaramin jiki yadda ya kamata ba. Wannan awo ba wulaƙanci ba ne, Hajiya, kada ki roƙi mai ƙofa ya yi wa ɗanki alfarma.

Birki da shinge

Jirgin da ba shi da direba, wa ke taka masa birki? Birkin a jikin layin yake. Nau'i na farko na maganaɗisu ne: wani faifan ƙarfe, irin jan ƙarfe ko sanholo, yana ratsawa tsakanin maganaɗisu masu ƙarfi, sai gudun ya ragu ba tare da an taɓa juna ba. Ba ya buƙatar wuta, ba ya cinyewa, kuma iya gudun jirgi iya ƙarfin riƙonsa. Nau'i na biyu shi ne mai matsewa, wanda ke tsayar da shi cak. An tsara shi ta yadda in wuta ta ɗauke, kamawa yake yi. Direbobin tirela sun san irin wannan: in iska ta zube, birki ya kame, mota ba ta motsi.

Sannan akwai abin da ya fi duka muhimmanci a wurin da jirage biyu ko fiye suke bin layi ɗaya. An raba layin gida-gida, kowane gida da wurin tsayawarsa. Doka ita ce jirgi ɗaya a gida ɗaya. Na baya ba zai shiga ba sai na gaba ya fita, kamar shingen duwan da ba a ɗaga wa ta baya sanda sai an sallami ta gaba. In na'ura ta ga wani abu bai yi daidai ba, ko da ɗan ƙaramin abin aune ne ya yi ƙarya, sai ta tsayar da komai. Don haka in ka ga labari wai jirgi ya maƙale da mutane a sama, galibi shingen ne ya yi aikinsa. Riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Mece ce ranar 'yan jarida?

Yanzu ga tambayar Hajiya. Kafin a buɗe sabon jirgi, an riga an gwada shi sau ɗaruruwa da gumakan roba cike da ruwa masu nauyin mutum, da na'urorin aune. Akwai ƙa'idojin da ake bi, kamar EN 13814 a Turai, da hukumomin bincike irin su TÜV na Jamus da ke zuwa su duba su sa hannu. Bayan an gama wannan, kwana kaɗan kafin jama'a su shiga, sai masu wurin su gayyaci 'yan jarida da masu yawan mabiya a Facebook, TikTok da YouTube.

Ga yadda ranar take. Babu layi, babu kuɗin shiga. Akwai abinci da abin sha, wani lokacin har da masauki da kuɗin jirgin sama. Ana miƙa wa kowa takarda mai ɗauke da alƙaluma, waɗanda yawanci su ne za ka ji ana maimaitawa a labarai. Kyamarar da ke ɗaukar fuskar mai hawa galibi ta masu wurin ce, su suka ɗaure ta a inda suke so, su ke ba da hoton. Wasu lokuta akan yi sharaɗi cewa kada a fitar da labari sai wata sa'a da aka tsayar, don duk duniya ta ɗauka lokaci guda. Injiniyoyin da suka ƙera jirgin suna nan tsaye, manyan shugabanni suna kallo, kowane ma'aikaci ya ɗaure ɗamara.

Kai da ka san kara, ka san ragon da aka kawo ranar kasuwa: an wanke shi da sabulu, an cika masa ciki da dusa da ruwa. Ba a yi maka ƙarya ba, ragon ne dai. Amma kai ba ka saye sai ka buɗe baki ka ga haƙora, ka taɓa gadon baya, ka sa ya yi tafiya ka gani. Ranar 'yan jarida ranar kasuwar jirgin ce. Kuma mu masu wannan sana'a mun san karin maganar nan, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda aka ɗauko, aka sauke, aka ciyar, harshensa yakan yi nauyi wajen tambaya mai zafi. Ɗan jaridar da ya san aikinsa zai gaya maka a fili cewa gayyatarsa aka yi kuma an biya masa hanya, sai kai ka auna maganarsa da wannan ma'auni.

Ko alƙaluman ma suna son a buɗe musu baki. Za ka ji an ce tsawon Falcons Flight mita 195 ne. Wannan lissafi daga ƙasan kwari ne zuwa saman tsaunin da layin ya hau. Tudun ƙarfen da aka gina tsaye da ƙafafunsa mita 163 ne. Wannan ma ba wasa ba ne, hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27 sai ka ɗora shida a kan juna kafin ka kai, kuma ya zarce Kingda Ka na Amurka mai mita 139 da ya daɗe yana riƙe da kambin tsawo. Amma ka ga dai, lamba ɗaya tana da fuska biyu, mai talla kuma babbar yake ɗauka.

Abin da ɗan jarida zai iya shaida maka da gaskiya a ranar shi ne yadda hawan yake a jiki, da yadda wurin yake a ido. Abin da ba zai iya gani ba shi ne yadda za a riƙe jirgin bayan shekara biyu, ranar da babu kyamara, zafi ya yi zafi, layi ya yi tsawo, shugaba yana waya yana cewa a yi sauri.

Labarai uku

A Ingila akwai wani filin wasa mai suna Alton Towers. A watan Mayun 2013 suka gayyaci 'yan jarida su hau sabon jirginsu, The Smiler, mai kifewa sau 14. Sai jirgin ya tsaya da mutum 16 a kan tudu, suka yi kusan rabin awa kafin a sauko da su. Jaridu suka yi ta tsiya, aka ɗage buɗewa. Amma ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Bayan shekara biyu, ranar 2 ga Yunin 2015, wani tarago da aka tura babu kowa ya kasa haye wani tudu ya tsaya a tsakiyar layi. Na'ura ta gani, ta tsayar da na baya mai ɗauke da mutum 16. Ma'aikata suka ɗauka na'urar ce ke ƙarya, domin ba su lissafa da ƙarin taragon da aka sa a layin ba, sai suka danne ta da hannu suka saki jirgin. Ya je ya daki wanda ke tsaye. 'Yan mata biyu kowacce ta rasa ƙafa ɗaya. A 2016 kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. Duba da kyau: ranar da abin ya tsaya aka yi masa dariya, lafiya aka tashi. Ranar da mutum ya ƙi yarda ya tsaya, ita ce ranar kuka.

Na biyu, a jihar Ohio ta Amurka. A farkon Mayun 2024 filin Cedar Point ya buɗe Top Thrill 2 mai tsawon mita 128, bayan masu ɗaukar bidiyo sun hau sun yaba. Kimanin mako guda aka rufe shi don gyaran taragon, bai sake ɗaukar mutane ba sai 2025. Masu yabon ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani suka faɗa. Matsalar ta fito ne bayan an yi ta aiki da shi. Rufewar kuma, duk da asarar da ke ciki, ita ce daidai.

Na uku, a filin Carowinds da ke kan iyakar jihohin Carolina ta Arewa da ta Kudu. A ƙarshen Yunin 2023 wani baƙo da ya kawo iyalinsa ya hango tsagewa a saman ɗaya daga ginshiƙan jirgin Fury 325, ginshiƙin yana motsi duk lokacin da jirgi ya wuce cike da mutane. Ya ɗauka a waya ya kai rahoto. Aka rufe, aka sauya ginshiƙin, aka sake buɗewa a watan Agusta. Idon mutum guda da bai ce "ba ruwana" ba.

Kada wannan ya sa ka ɗauka abin tarkon mutuwa ne. Ƙungiyar masu filayen wasa, IAAPA, tana cewa a Amurka mummunan rauni yana faruwa ne kusan sau 1 a cikin hawa miliyan 15 da rabi. Sai dai ka lura da abu biyu: lissafin nasu ne, kuma na filayen da ke kafe wuri ɗaya ne, ban da lilon da ake kwancewa a loda a mota a kai wani gari.

In lilo ya zo garinku

Wannan na ƙarshen shi ne namu. Da Sallah ko wani taro, akan kawo lilo mai juyawa, ko ƙaramin jirgi, a kafa a fili a haɗa da janareta. Duk lokacin da aka kwance aka sake ɗaurawa, dama ce ta a manta da wani noti. Kafin ka miƙa jika ko naira ka ɗora yaro, tsaya gefe ka bar shi ya yi zagaye biyu ko uku kana kallo.

Dubi ƙafafunsa: a kan ƙasa mai tauri da faranti suke zaune, ko a kan duwatsu da bulo da aka tara? Suna ɗagawa in abin ya ɗauki gudu? Dubi mahaɗai: noti ne da fil, ko waya da igiya aka ɗaure? Akwai tsatsa mai cin ƙarfe, ko walda da ta tsage? Dubi wayar wuta: a rufe take, ko tsirara a ƙasa inda yara ke tafiya ba takalmi? Akwai shinge da zai hana yaro kutsawa ƙarƙashi?

Sannan dubi mai kula da shi, domin shi ne rabin lafiyar abin. Yana bi kujera-kujera yana jan sanda ko ɗamara da hannunsa kafin ya kunna? Yana ƙara mutane fiye da kujeru don kuɗi? Idonsa na kan lilon ko na kan waya? In yaro ya yi kukan gaske, yana tsayarwa? Ka tambaye shi kai tsaye, cikin mutunci: "Malam, yau da safe kun gwada shi babu kowa? In wuta ta ɗauke yaya kuke sauke mutane?" Mai gaskiya zai amsa maka ba tare da fushi ba. In kuma ka ga abin ya tsaya da kansa, mai shi ya buga wani abu ya sake kunnawa da mutane a kai ba tare da ya duba dalili ba, sauke naka, ka kuma gaya wa na kusa da kai, a sanar da hukumar gari. In iska mai ƙarfi ta taso ko hadari ya haɗo, a haƙura, Sallah ba ta ƙarewa a rana ɗaya.

Ga yaron kuma: a cire hula da gyale mai tsawo, mayafi a ɗaure shi sosai kada ya shiga cikin abin da ke juyawa, hannu da ƙafa su zauna ciki, kada a miƙe tsaye, kada a riƙe waya. Wayar da ta kuɓuce a cikin gudu, jifa ce ga na baya. Yaron da ya ce yana tsoro kuma, kada a tilasta masa don 'yan uwansa sun hau.

Haka nan in wani sabon bidiyo ya iso wayarka, ko ka ji rahoto a rediyo, har da tamu, ka saurara ka ji ko an faɗi wanda ya ƙera, wanda ya duba ya sa hannu, wanda ya biya wa mai rahoton hanya, da kuma abin da ake yi kowace safiya kafin a buɗe ƙofa. In ihu da tafi kaɗai ka ji, to talla ka ji, sai ka jira labarin bayan wata shida.

Hajiya ta Illela da ɗan uwanmu na Dakoro, muna fata an gamsu. Masu wata tambaya su aiko da saƙon murya kamar yadda aka saba, da Hausa ko Fulatanci. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya ba da damina mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya.